Jiragen Ingila a Bangon Zongo

Kumasi garin kurmi ne, ba ruwansa da teku. Daga Kejetia zuwa Cape Coast tafiyar fiye da kilomita 200 ce, kuma a zamanin ƙuruciyarmu mutum yakan tsufa a Zongo bai taɓa yin ta ba. Ruwan da muka sani shi ne Subin da rafin Aboabo, waɗanda yaro ke tsallakewa da rani, sai tafkin Bosomtwe inda masunta ba sa shiga kwalekwale, a kan falankin itace suke zama suna tuƙi da hannu. Duk da haka, a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960 babu abin hawan da hotonsa ya cika ɗakunanmu irin jirgin yaƙin Ingila na zamanin da, mai dogayen sanduna uku da filafilai farare fat da iska ta cika, ga bakunan igwa jere a haƙarƙarinsa. Manuwa tsofaffi ke ce masa.

Ta kasuwa ya shigo mana. Yana jikin gwangwanin taba Player's, can bayan wani sojan ruwa mai gemu, in taba ta ƙare kuma gwangwanin ya zama ma'aunin shinkafa wurin mata masu awo. Yana kan murfin gwangwanin biskit da ake sayowa daga Kingsway a Adum, wanda iyayenmu mata ke mayarwa ma'ajiyar zare da allura ko kuɗin adashi. Yana kan kalandar da kamfanonin Turawa ke raba wa dillalansu duk ƙarshen shekara. Akwai kuma abin da ya sa ya fi sauran hotuna daɗewa a bango. Malamanmu ba sa son a rataye surar abu mai rai a ɗakin da ake salla. Hoton Sarauniya ko na 'yar fim ɗin Indiya yakan jawo magana, amma jirgi itace ne da ƙyalle, ba shi da rai, don haka har zauren malami yakan samu shiga.

Wanda ya fi zauna mini a rai yana shagon kawuna, tela a Aboabo. Shekarar kalandar ta wuce tuni, sai ya sa almakashi ya yanke kwanakin ya bar hoton. Wani ƙaton jirgi ne da launinsa ya kusa ɓacewa cikin hazo, filafilansa a naɗe, ga ɗan ƙaramin baƙin jirgi mai hayaƙi yana jan sa, rana kuma tana faɗuwa ja wur a gefe guda. Mu yara kullum cikin gardama muke a kansa. Wasu su ce ƙaramin ɓarawo ne ya sato babban, wasu su ce jirgin aljannu ne. Wata rana na tambayi kawu. Bai ko ɗauke ƙafa daga keken ɗinki ba ya ce, “Kai ɗan nan, ba ka ga tsoho ba ne? Ƙarfinsa ya ƙare, yaro ke jan sa zuwa makwancinsa.”

Kawu bai yi boko ba, bai taɓa jin sunan mai zanen, Turner, ba, amma abin da ya nufa ke nan. Jirgin shi ne Temeraire mai igwa 98, wanda ya yi yaƙin Trafalgar ranar 21 ga Oktoba 1805, ranar da jirage 27 na Ingila ƙarƙashin Nelson suka karya 33 na Faransa da Sifaniya. A 1838 aka jawo shi cikin kogin Thames zuwa inda za a farfasa shi a sayar da katakon, a 1839 kuma Turner ya baje zanen a Landan. Abin da ya sa kawu ya gane shi da kallo ɗaya, ya ga irinsa a gidansu. Mahaifinsa, kakana na wajen uwa, falke ne da ya taso cikin ayarin goro, ya gangaro kudu bayan yaƙin basasar Salaga na 1892. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga baya lori ta kama hanyar Tamale, sai jakuna suka rasa aiki, madugu ya koma zaman zaure yana ba yara labari.

Mutum ɗaya ne a layinmu ya taɓa kwana a kan teku, wani tsohon soja da muke kira Baba Saja. Yana cikin dakarun Gwalkwas da aka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi makonni cikin jirgi kafin su isa Indiya. Shi kam hotunan nan haushi suke ba shi. In ya zo karɓar ɗinki ya tarar muna yaba wani jirgi a murfin gwangwani, sai ya nuna shi da sandarsa ya ce, “Malam tela, mai zanen nan a tudu ya tsaya. Da ya shiga ciki, da amai zai zana da zafi da kwarkwata. Ina mutanen da ke kwance a ƙasa?” Mu kuwa dariya muke yi a ɓoye, muna ganin tsufa ne ya sa shi mita.

Mahaifina ya yarda na shiga boko bisa sharaɗin ba zan bar allo ba, asuba da dare. Da na kai midil wani ticha ya nuna mana hanyar ɗakin karatu na Ashanti da ke Bantama, cikin harabar Cibiyar Al'adu. A can jiragen bango suka samu murya. Na karanta Treasure Island na Stevenson, na bi da littattafan Hornblower na C. S. Forester, waɗanda na farkonsu ya fito a 1937. Marubutan sun fi masu zane faɗin gaskiya, don su sun sauka ƙasan jirgi. Daga gare su na ji yadda ake kama maza a mashaya da bakin tasha a jefa su aikin ruwa ba da son ransu ba, da bulala mai harshe tara da ake tara duk jama'ar jirgi su kalli yadda ake tsula wa mai laifi, da busasshen biskit mai tsutsa, da ciwon dasashi da ke zubar da haƙora har aka gano ruwan lemun tsami na hana shi, da yara sa'o'ina masu gudu da albarushi tsakanin igwa da igwa ana ruwan wuta. Sai dai duk wannan da idon hafsa ake ganinsa. Talakan jirgi yana nan don ya ja igiya, ya ba da dariya, ko ya mutu a babin da ya dace.

Silima ta ƙara mana zuga. A Rex da Roxy finafinan Indiya da na kaboyi ne suka fi yawa, amma lokaci lokaci akan sako na teku, har da Hornblower na Gregory Peck na 1951, wanda ya iso mana duk ya karce. In igwa ta tashi sai mu miƙe kan benci muna ihu. Da damina mukan kafa tsinke da takarda a gwangwanin sadin mu sake shi cikin kwata, kowa ya ce nasa ne na Ingila. Ba mai yarda ya zama Faransa sai an yi masa alkawarin ƙosai.

Cikin littattafan nan ne na fara cin karo da garinmu a rubutun Bature. Mr Midshipman Easy, na Kyaftin Frederick Marryat, ya fito a 1836. Marryat kansa ya yi aikin ruwa tun yana yaro ƙarƙashin Lord Cochrane, kuma shi ake ɗauka uban irin wannan rubutu. Jarumin littafin Jack Easy ne, ɗan mai kuɗi da ubansa ya cika masa kai da zancen cewa duk mutane daidai suke. Amma wanda ya riƙe ni shi ne Mesty, ɗan sarautar Tonawa da aka kama aka sayar, aka kai shi Amurka, ya gudu ya shiga jirgin Ingila don ya ji an ce can ba bawa. Da ya samu 'yancin, aikin da aka ba shi shi ne dafa wa yaran hafsoshi ruwan zafi. Ya fi kowa a jirgin wayo da zuciya, shi ke fitar da Jack daga kowane rami, har aka ba shi kofur. Na kai wa abokin zamana a aji littafin, wani Batone ɗan Ashanti New Town. Ya karanta ya dawo da shi fuska ba walwala. Bai ji daɗin Turancin barkwanci da aka sa wa Mesty a baki ba, da yadda aka mai da shi mai alfahari da tarin ƙoƙon kan mutane. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙarshen labarin, inda Mesty ya zama shugaban barorin gidan Jack a Ingila. Ya ce da ni, “Aboki, ɗan sarki ne fa. Kuma bai koma gida ba?” Shekaru bayan haka na karanta cewa mahaifin Marryat ɗan majalisa ne mai dukiya a tsibiran Karibiyan, kuma yana cikin waɗanda suka yi adawa da hana cinikin bayi.

A shekararmu ta ƙarshe a midil aka ɗauke mu a lori zuwa Cape Coast da Elmina. Gani ya kori ji. Tekun ya fi duk abin da bango ya nuna mini girma da ƙara, kuma filafilan da na fara gani da idona na masuntan Fanti ne, wasu da buhunan fulawa aka harhaɗa su. Sai aka shiga da mu ganuwar Cape Coast, wadda ta koma hannun Ingila a 1664. A sama ga ɗakunan gwamna, iska na kaɗawa, ga igwa jere sun fuskanci ruwa. A ƙasa ga kurkukun da ake tara maza ɗaruruwa cikin duhu kafin jirgi ya zo. A nan tambayar Baba Saja ta dawo mini, ban kuma yi dariya ba. Jiragen Ingila sun kwashi 'yan Afirka fiye da miliyan 3 zuwa ƙetaren Atlantika, kuma kafin 1807 aikin manuwa ne ta tsare wannan hanya daga abokan gaba. A 1781 wani jirgin Liverpool mai suna Zong ya bar gaɓar Ankara da bayi 442, a hanya ma'aikatansa suka jefa fiye da 130 cikin ruwa da ransu don masu jirgin su karɓi kuɗin inshora. Turner ɗin nan dai, shekara ɗaya bayan Temeraire, ya baje zanen jirgin bayi yana zubar da mutane, hannaye da sarƙa suna nutsewa cikin jan ruwa. Zanen yana Boston yanzu. Ba kamfanin da ya taɓa buga mana shi a kalanda.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Bayan dokar hana cinikin bayi ta 1807, Ingila ta kafa rundunar jirage a gaɓar Afirka ta Yamma a 1808, mazauninta Freetown, kuma zuwa 1860 ta kama jiragen bayi kusan 1,600 ta saki mutane wajen 150,000. Cikinsu akwai namu. Ali Eisami, mutumin Barno, an sauke shi a Saliyo a 1818, shi ne daga baya ya koya wa Bature Koelle Barbarci. Ajayi Crowther an ƙwato shi a 1822. Hausawan da aka 'yanta a Saliyo suna cikin waɗanda Bature Schön ya ɗebi kalmomi daga bakinsu ya buga littafinsa na Hausa a 1843. Wannan aiki ma ya samu masu zanensa. Akwai zanen Condy na ɗan jirgin nan Black Joke, wanda shi kansa tsohon jirgin bayi ne da aka ƙwace, yana kama jirgin bayi El Almirante a 1829 da mutane 466 a cikinsa. Ko a nan jirage biyu ake gani da hayaƙin igwa. Mutanen 466 suna ƙasa, haka ma Kurumawan Laberiya da ke tuƙa wa rundunar kwalekwale cikin igiyar ruwan da Bature ba ya iyawa.

Abin da ba a koya mana a aji ba shi ne, jiragen nan suna da hannu a zamanmu na Kumasi. A 1807, shekarar da aka yi dokar, Asantehene Osei Bonsu ya kai yaƙi har bakin teku a Anomabu. Ya isa kasuwa ana shirin rufe ta. Da cinikin teku ya ja baya, Tonawa suka ƙara juya fuska arewa, goro ya zama babbar hajarsu, Salaga ta cika ta batse da fataken Kano da Katsina da Barno. A 1826 Clapperton ya gamu da ayarin Hausawa a Kayama suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutane sun haura 1,000, dabbobi ma kamar haka. Kakannina suna cikin irin wannan ayari. Kuma ba kanwa da tufafi da fata kaɗai suke kawowa su musanya da goro ba. Akwai wata tsohuwa a gidanmu mai tsagar da ba irin tamu ba, kowa na ce mata Iya, ba wanda ya taɓa faɗin garinsu. Da na dawo daga Cape Coast kaina cike da tambaya, na tambayi kakata daga ina Iya ta fito. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Mai gidana, tashi ka ci tuwonka. Wannan magana ba ta tsakar gida ba ce.”

Ɗaya tushen Zongo kuwa daga hannun sojan ruwa ya fito kai tsaye. John Glover hafsan manuwa ne. A Legas, a 1863, ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki. A watan Yuni 1873 jiragen Ingila suka yi wa garin Elmina ruwan wuta. Ranar 4 ga Fabrairu 1874 kwamandan Ingila Wolseley ya shiga Kumasi da sojojinsa, har da ayarin sojan ruwa da suka bar jiragensu a gaɓa suka tako kurmi da ƙafa, suka rusa fadar dutse suka cinna wa gari wuta. Glover da Hausawansa suka ɓullo ta wajen kogin Volta bayan 'yan kwanaki, suka tarar da toka. Tonawa har yau Sagrenti suke kiran wannan yaƙi. Sojan Hausa ne kuma a 1896 lokacin da aka tafi da Asantehene Prempeh na Ɗaya, su ne cikin ganuwar Kumasi tare da Gwamna Hodgson a 1900 sa'ad da Yaa Asantewaa ta kewaye ta. Wasunsu da suka ajiye kaki a nan suka yi aure suka zauna, jikokinsu ne muke allo tare. Sun shiga zane su ma. Melton Prior ya bi yaƙin 1874 yana aika wa jaridar Illustrated London News hotuna, ga mutanenmu nan da dara a ka, ba suna. G. A. Henty, wanda ya je Kumasi a matsayin ɗan jarida, ya sa su cikin littafinsa na yara By Sheer Pluck a 1884, masu gadi amintattu a bayan yaron Bature. Ganuwar nan ta zama gidan tarihin soja tun muna ƙanana, muna wucewa ta gabanta zuwa Adum, ba wanda ya ce mana labarinmu ne a ciki.

Ban daina son jiragen nan ba. Da na girma na karanta Patrick O'Brian, wanda ya fara da Master and Commander a 1969 ya kammala littattafai 20, ɗaya cikinsu, The Commodore, ya kawo jarumansa Freetown da Wida farautar jiragen bayi. Na kuma ga hoton zanen Daniel Maclise na mutuwar Nelson, inda wani baƙin matuƙi ke nuna wurin da harsashin ya fito. A gindin hasumiyar Nelson a Landan ma akwai baƙin mutum riƙe da bindiga cikin zubin tagulla, kuma rajistar jirgin Victory ta nuna akwai haifaffen Afirka cikin mutanensa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne naci. Sun ajiye Victory a Portsmouth har yau, jirgin da aka sa a ruwa tun 1765. A 2020 sun ɗora Temeraire a takardar fam 20. Shekara ɗari biyu suna zana abu ɗaya, suna rubuta shi, suna fim da shi, har ya ƙetare teku da kurmi ya sami yaron da bai taɓa ganin ruwa ba, ya sa shi yin faɗa a bakin kwata don a bar shi ya zama Ingila.

Mu kuwa ayarinmu ya yi tafiyar watanni daga Kano zuwa Gwanja, da madugunsa da jagabansa da uban dawakinsa, ya ƙetare Kwara, ya biya fito, ya yi faɗa da 'yan fashi, ya kafa zango a duk inda ya sauka. Labari ne da bai gaza na Nelson ba, amma da wuya ka ga zanensa a bango ko littafin yara a kansa. Abin da ya rage yana cikin waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934 bayan ya rubuta zuwan Nasara da idon wanda abin ya faɗa wa, da takardun Larabci da ajami da aka tattara a jami'ar Legon, da bakin tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Yaran Aboabo na yau sun san 'yan fashin teku na fim da sunayensu, amma ka ce madugu sai su dube ka.

Wata rana wani ɗan Zongo zai zauna ya rubuta wannan labari, ko ya zana shi. Roƙona gare shi ɗaya ne. Ya koyi naci daga Turawa, amma kada ya tsaya a tudu. Kada ya tsaya kan madugu da rawaninsa da dokinsa. Ya taka har ƙarshen layi, ya ƙidaya waɗanda ke tafe da kaya a ka da igiya a wuya, ya nemi sunan garin Iya, domin su ma kakannin Zongo ne.